Ƙafar da Ta Zaunar da Ni a Malumfashi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka, zuwa ga ɗana Tanko, a gidan kawunsa Sallau mai ɗori, cikin Malumfashi. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ka sauka lafiya, kai da abokan tafiyarka. Allah ya tsare ku a hanya da masauki, ya kiyashe ku daga mugun ji da mugun gani. Innarka tana gaishe ka, yayyenka mata ma haka. Mu nan sai godiya, dawa ta shiga rumbu, auduga ta fara fashewa.

Ranar da kuka tashi ban ce maka komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ba don ba ni da abin faɗa ba ne. Abokanka suna tsaye, makaɗinku ya riga ya rataya ganga, kuma saurayin da zai fita kokawar kaka karo na farko ba ya jin maganar tsoho a irin wannan lokaci. Ni ma ban ji ba a nawa zamanin. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Malam Garba mai jakai, wanda zai kai tufafin Maska kasuwar Malumfashi, ya miƙa maka hannu da hannu.

Tun da ka buɗe ido ka san ni da ɗingishi, an kuma gaya maka a kokawa na samo shi. Ban taɓa ba ka labarin yadda aka yi ba, don kunya. Kokawa ba ta yi mini komai ba. Ni na yi wa kaina, kuma ba a rana ɗaya na yi ba.

Ina kamar shekarunka na fara fita. A lokacin ina hannun Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, wadda ta rene ni bayan rasuwar iyayena. Damina duka na yi ta a gona ba takalmi, ƙafata ta saba da laka mai taushi. Da ruwa ya ɗauke, ka san yadda ƙasarmu take, sai ta bushe ta zama kamar daɓen ɗaki. Ban ba ƙafar ko kwana uku ta saba da wannan tauri ba. Na sa baduku ya yanka mini sabon takalmi na fatar sa, na ɓoye shi a saman rumbu don kada ya tsufa kafin ranar tafiya. Ran nan na sa shi karo na farko, muka kama hanyar Malumfashi. Inda masu jakai ke yin zango biyu, mu ɗaya muka yi. Mun shiga gari da azahar, da la'asar ina cikin fage.

Na kayar da mutum biyu a wannan yammaci, ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Amma da na cire takalmin, igiyarsa ta ci tsakanin yatsuna, tafin ƙafa duk ya yi bororo. Na sa farce na fasa su, na ɓare fatar, wai don su bushe da wuri. Sai na buɗe wa ƙasa ƙofa. Da asuba kuma na tashi zan yi alwala, ina taka dunduniyar dama na ji kamar an dasa mini ƙayar aduwa. Na zauna na duba, ba ƙaya, ba komai. Na yi taku goma sha, sai ciwon ya lafa. Na ce a raina, ashe ba wani abu ba ne. Haka na yi ta yi har muka gama yawonmu, kullum safiya ya fi na jiya.

Da na dawo gida Gwaggo ta dube ni ina shigowa, ban ma gama sallama ba ta ce, "Idi, wa ka bar wa dunduniyarka a hanya?"

Na ce, "Gajiya ce kawai, Gwaggo."

Ta ce, "Gajiya ƙafa biyu take kamawa. Zauna."

Ta dafa ruwa da bagaruwa, ta bari ya huce har hannu zai iya zama a ciki, ta sa na tsoma ƙafar. Bagaruwa tana ƙeƙasa fatar da ta ɓare. Bayan nan ta murza mini man kaɗanya, ba a dunduniyar kaɗai ba, tun daga yatsu har sha-raɓa. Na ce mata ai ba can ke ciwo ba. Ta ce, "Igiya ɗaya ce daga nan har nan. In guga ya yi nauyi, a ina igiyar ke ci? Ai a bakin rijiya." Ta ɗauko wani guntun taɓarya da ya karye, ta ce in riƙa mirgina tafin ƙafata a kai safe da yamma. Kafin in sauko daga gado kuma in kama yatsuna in ja su baya, in riƙe kamar tsawon karanta Fatiha sau biyu. Ta hana ni gudu da tsalle, amma ba ta hana ni 'yar tafiya cikin gida ba. Wata guda da 'yan kwanaki na warke sarai.

To ka riƙe wannan. Sabon takalmi ba abokin doguwar tafiya ba ne, ka fara sa shi zuwa gona da kasuwa har ya san ƙafarka. Kada ka shiga fage ranar da ka sauka, ko da sarkin samarin garin ne ya zo da kansa. Ka kwana, ka ci, ka tattaka. Bororo kuma ka bar shi da murfinsa. Ciwon dunduniya da ke tashi da kai da asuba ya kwanta da hantsi, ba ƙaya ba ne, ba sammu ba ne. Jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji da ƙasa mai tauri, hutu take roƙo, kuma in ka ba ta da wuri ba ta da tsadar sha'ani.

Da na ji maganar Gwaggo sau ɗaya na riƙe, da wasiƙar nan ta ƙare a nan. Amma shekara biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa, ni kuma sunana ya fara fita. Muna da makaɗi, Ɗanbaba, mutum mai daɗin baki, in ya buga ganga ya kira ni sai in ji kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. A wata kakar na gurɗe a idon sawu, wani ya sa mini taɗiya ƙafata ta faɗa rami. Kafin magariba wurin ya kumbura ya yi zafi. Targaɗe ne, ba wani abu ba. Da na tsoma shi a ruwan randa mai sanyi, na ɗaure da tsumma, na ɗora a kan turmi na kwana uku ko huɗu, da ya sace. Amma saura kwana biyu a yi babban wasa a Maska, Ɗanbaba kuma ya riga ya shela cewa zan zo.

Sai na tafi wurin wani wanzami a kasuwa na ce ya cire mini ciwon yau yau. Shi kansa ya yi jinkiri, ya ce, "Samari, wannan ba na aska ba ne." Na matsa masa. Ya tsattsaga wurin, ya kafa ƙaho ya zuƙi jini. Da na koma masauki kuma na gasa da ruwa mai zafi ƙwarai, don na tuna Gwaggo ta yi mini da ruwan ɗumi. Ban san ciwo iri iri ba ne. Tsohon ciwo da ya ƙage shi ke son ɗumi. Sabon kumburi da ke huci sanyi yake so, sai bayan kwana biyu ko uku a koma ga ɗumi. Washegari ƙafar ta zama kamar kabewa. Wasan Maska a zaune na ji gangarsa daga nesa, tsagar kuma ta ruru ta yi ruwa, na kusa wata biyu ban taka sosai ba. Na nemi kwana biyu, na rasa kaka guda.

Kada ka bari a sa maka aska ko ƙarfe mai zafi a ƙafar da tafiya ko kokawa ta gajiyar. Wanzami yana da ranarsa, amma ba wannan ba ce. Kuma kada ka ɗauki maganin wani ciwo ka ɗora wa wani don kawai duk a ƙafa suke.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyin faɗa.

Idon sawun ya warke, amma ya bar ni da tsoro, sai na riƙa jingina nauyina a gefen ƙafar ban sani ba. Kaka ta zagayo, na ce sai na rama abin da na rasa. Kowace safiya ina gudu daga ƙauyenmu zuwa rafi in dawo, sau uku, a kan busasshiyar laka. Sai wani sabon ciwo ya fito a saman ƙafar, a kan ƙashin da ke bin ƙaramin yatsa. Wannan ba irin na dunduniya ba ne. Shi ba ya lafawa in jiki ya yi ɗumi, ƙaruwa yake yi. Da yatsa ɗaya zan iya nuna maka wurin, in na danna sai hawaye. Ko a zaune yana zugi. Na sani sarai ba lafiya. Ban gaya wa kowa ba, na ɗaure da tsumma na rufe da laya, wanda ya tambaya in ce maganin baki ne.

A haka muka tafi Musawa. An haɗa ni da wani ƙaƙƙarfan makiyayi, dogo, mai haƙuri a fage, ba ya gaggawa. Mun daɗe a riƙe da juna. Na ga dama ta samu, na kafa ƙafar dama na ɗaga shi, sai na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Na kai shi ƙasa, fage ya ɗauki ihu, amma ni na san abin da na ji. Mutumin nan ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma na ji ƙarar. Ina da jaki a masauki, ka hau, ka aiko mini da shi duk ran da ka samu hali."

Na ce, "Wanda ya yi kaye ba ya barin gari a kan jakin wanda ya kayar."

Ya dube ni kawai ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Tanko, a duk maganganun da na yi a duniya, babu wadda na fi nadama kamar wannan. Na yanki sanda na bi abokaina da ƙafa, ina dariya in sun waiwayo, ina cije leɓe in sun juya. Kwana biyu muna tafe. A bakin Malumfashi, wajen marina, ƙafar ta ƙi. Na faɗi na kasa tashi, masu rini suka ɗauke ni a kan ƙyauren kara zuwa gidan wani tsoho mai ɗori. Shi ne kakanka na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, a gidan da kake zaune yanzu.

Ya kwance tsumman, ya ajiye layar gefe, ya shafa ƙafar a hankali da yatsunsa. Ya tambaye ni, "Yaushe ta fara?"

Na ce, "Shekaranjiya, a fage."

Ya ce, "Ban tambaye ka yaushe ta karye ba. Yaushe ta fara yi maka magana?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Wata guda ke nan, Baba."

Ya ce, "Wata guda tana tsagewa kaɗan kaɗan kamar tukunya. Da a lokacin ka zo, ba abin da zan yi maka sai in ce zauna kwana arba'in, ka tashi garau. Da ranar da ta karye ka zo a kan jaki, da na ɗora ta ta koma daidai. Kokawa ta karya ƙashi ɗaya, tafiya ta raba shi da mazauninsa ta ja na kusa da shi. Zan yi abin da zan iya. Za ka yi noma, za ka je masallaci. Fage kuwa ka yi masa sallama."

Mutum uku suka danne ni ya ja ƙafar ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Ban yi kuka don zafin ba, amma da abokaina suka wuce gida washegari, na ji gangar Ɗanbaba tana nisa tana kiran sunan wani, na juya fuskata bango na yi.

Ka bambance su, ɗana. Ciwon da ya bazu ko'ina, ƙafa biyu, bayan doguwar tafiya ko wasa mai tsanani, gajiya ce, ruwan ɗumi da man kaɗanya da barci sun ishe ta. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda taku ke ƙara shi, ko kumburin da ya hana ka tsayuwa a kan ƙafar, ko yatsu su yi sanyi su mutu, wannan ba na haƙuri ba ne. Ka daina takawa a take, ka nemi mai ɗori. Wanda ya miƙo maka jaki kuma ka hau, ko da kai ka kayar da shi, ko da shi ya kayar da kai.

Kada ka ɗauka kuka nake kawo maka. Wata uku na yi a zauren kakanka. Limamin unguwar yakan zo hira da hantsi, ya ga ƙato zaune ba aikin komai sai ƙirga azarar rufi, ya ce, "Tun da ƙafa ta ƙi, a gwada kai mana." Ya kawo mini allo. Ina da gemu na fara daga baƙaƙe, ina jin kunya, har na daina ji. Hannun da ke rubuta maka wannan takarda a zauren nan ya koyi riƙe alƙalami. 'Yar gidan kuma ita ke daka maganin da ake shafa mini, ta aiko da shi, kullum da saƙon cewa in mai taurin kan nan ya sake ya kwance ɗorin, ita ba za ta ƙara daka ba. Ban ga fuskarta sosai ba sai da na fara dogara sanda. Ka san ta, har yau ba ta sauya harshe ba. Shekara ta zagayo aka ɗaura mana aure, na kawo ta gida a kan jaki, ni ma a kan jaki, ban ji kunyar kowa ba.

Yau ina noma abin da zai ciyar da gidana, ina koyar da karatu a ƙofar gida, in sanyi ya taso ƙafar ta yi mini tsami innarka ta gasa ta tana yi mini tsiya. Alhamdu lillahi, ban san abin da zan roƙa a ƙara mini ba. Sai dai ba na so ka ɗauka dole sai mutum ya karye kafin Allah ya ba shi alheri. Da ƙafa biyu lafiyayyu ma ana samun mata ta gari da karatu. Ni dai ta wannan hanya nawa ya biyo, don taurin kaina, Allah kuma ya rufa mini asiri. Ban taɓa hana ka kokawa ba, ba kuma zan hana ka ba. Na ga riƙonka, ya fi nawa, ka fi ni haƙuri a fage.

Saura magana ɗaya. Bayan kun tafi, na ɗauki sandata na bi bayanku har rafi, ba don komai ba, zuciya ce kawai ta ƙi zama. Yashin bakin ruwa yana da danshi, sawunku duk ya fito. Na san naka, babban yatsanka a buɗe yake kamar nawa. Na dama ya zauna cikakke. Na hagu kuwa yatsu ne kawai da gaban tafi, dunduniyar ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya, tun daga gangare har cikin ruwa. Na daɗe a tsaye a wurin. Ban gaya wa innarka ba.

Ba na ce ka dawo ba. Abin da nake so, ranar da takardar nan ta same ka, ka zauna gaban kawunka Sallau ka miƙa masa ƙafar, ka gaya masa ranar da ta fara, ranar gaskiya. Hannun mahaifinsa ne da shi. In ya ce kwana goma, ka yi goma. In ya ce arba'in, ka yi arba'in, kokawa ba ta ƙarewa a duniya, kaka kuma kowace shekara tana zuwa. Na san abin da zai fi yi maka nauyi shi ne idon abokanka da bakin makaɗi. To ka ɗora mini laifin. Ka ce musu tsohonka gurgu ne, tsoro ya yi masa yawa, ya aiko da takarda ya yi rantsuwa, kai kuma ba ka iya tsallake maganarsa. Su yi mini dariya yadda suke so, ina nan zaune a ƙofar gida, ba za ta iso ni ba.

Ka gaishe da kawunka da iyalinsa, ka gaishe da abokan tafiyarka ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka, ya dawo mana da kai kana taka ƙasa da ƙafa biyu. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam. Mahaifinka, Idi.